Yaya Sale da Kunya Shida da Na Ci a Burtali

A wannan watan Yaya Sale ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Da hantsi Allah ya yi masa cikawa, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a bayan garinmu, Tudun Wada, mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tun daga ranar ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Abin faɗa yana da yawa, sai dai labarin da ya fi nuna ko shi wane ne da ni a cikinsa, kuma ba a gefen da mutum zai so a gan shi ba. Yanzu da furfura ta gama cin kaina, na ga gara in faɗa da bakina.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Malamin firamare ne, a nan ya ƙare aikinsa yana hedimasta, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa zai ce maka darasin labarin ƙasa ne abin sonsa. Bai yarda a koyi ƙasa a jikin allo kaɗai ba. Ranar Alhamis yakan kwashi 'yan aji shida ya hau da su kan tudu, ya juya su kudu, ya nuna musu duhun dajin Falgore da duwatsun wajen Doguwa suna leƙowa ta bayansa. Daga nan sai ya bi da su hanyar ruwa: yadda damina ke riga sauka a wajenmu kafin ta isa Kano, yadda ƙoramu ke haɗuwa su gangara arewa su taru a Tiga, da dalilin da ya sa shinkafa da masara da rake suka karɓi ƙasarmu. Yakan ce wanda bai san inda ruwan garinsu ya fito da inda ya nufa ba, baƙo ne ko da a nan aka binne cibiyarsa.

Tarihin garin ma a ƙafa ya koye shi, wajen tsofaffi. A faɗarsa, gari uku ne muke kira da suna ɗaya. Akwai tsohon gari, mai lunguna da gidajen gado, inda kowace unguwa take da sana'ar da aka san ta da ita. Akwai garin bakin titi, wanda manyan motoci masu zuwa Jos suka haifar, da masu shayinsa da masu facinsa. Sannan akwai garin da ya tsiro bayan an kafa sakatariyar ƙaramar hukuma, na ma'aikata da gidajen bulo. Ya san gonar kowa da wanda ya sare ta, ya san tsofaffin rijiyoyin da aka cike, ya san burtali, hanyar da magabata suka ware wa shanu a tsakanin gonaki, tun daga inda ta shigo har mashayar da ke bakin rafi. Saboda haka in rigimar iyaka ta tashi, shi dagaci yake aika wa.

Ni kuwa, ƙaninsa Habu, Kano na tafi tun ina saurayi, na yi aiki a wata masaƙa. Da aka rufe ta na dawo gida da mata da 'ya'ya biyar, ba ni da komai sai gonar gado, wadda ta yi iyaka da burtalin nan. Gonar ba ta da girma, bakuna kuwa suna da yawa. Shekarar farko na tuge shingen cindazugun da ya raba ni da hanyar, na ƙara kunya biyu. Ba wanda ya kai ƙarata. Da damina ta zagayo na ƙara biyu, ta gaba ma haka. Ina gaya wa kaina ai kowa yana yi, kuma saniya ba ta buƙatar fili kamar mota.

A damina ta uku, masara ta yi goyo, shanun Buba suka zo wucewa. Buba ba baƙo ba ne. Rugarsu tana yamma da gari tun zamanin kakanni, suna kiwo suna noma, matansu ne ke kawo nono gidanmu tun muna yara. Hanya ta matse, garke ya yi yawa, shanu suka tattake min masara mai yawa. Na dawo unguwa ina kumfar baki. Kafin azahar samari sun taru da gora da adda suna cewa sai an tashi rugar, ni kuma ban hana su ba. Allah ya sa labari ya kai wa dagaci da wuri, ya aiko a dakata, ya ce gobe da safe kowa ya hallara a gonar, kuma a kira Malam Sale ya nuna iyaka. Da na ji sunan wanda za a kira, har wani sanyi na ji a raina. Na ce naka sai naka.

Washegari ya zo a kan kekensa, ya gaida dagaci, ya gaida Buba, ya amsa gaisuwata. Bai tambayi kowa komai ba. Ya karɓi fartanya a hannun wani, ya nufi wani tsohon kututturen ɗorawa, ya daidaita tsayuwarsa da shi, sannan ya kutsa cikin masarata ya fara tono. Bai yi nisa ba sai ga saiwar cindazugun da na tuge, tana nan a jere a ƙarƙashin ƙasa. Ya tona wuri uku, duka haka. Ya juyo yana ƙirga kunyoyi da ƙafa har ya fito bakin abin da ya rage na hanya. Shida.

Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, shanun Buba ba su shiga gonar Habu ba. Gonar Habu ce ta shiga hanyar shanun Buba."

Samarin da suka zo da gora suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Dagaci ya yanke cewa in girbe abin da ya tsira, bayan kaka in mayar da hanya yadda take in sake dasa shinge. Buba ya buɗe baki zai ba ni haƙuri, na juya masa baya. A hanyar komawa na tari Yaya yana tura kekensa, na ce masa, "Yaya, a gaban mutane? Ko a gida ba za ka iya gaya min ba?"

Ya ce, "Na gaya maka a gida shekara biyu da suka wuce, ka ce kowa yana yi. Da na rufa maka yau, Habu, da an zubar da jini a garin nan, kuma kai Allah zai tambaya."

Gaskiya ce, ya taɓa yi min maganar, na share. Amma gaskiya ɗaci gare ta, ranar kuwa ban iya haɗiye ta ba. Na yi shekara biyu ban taka gidansa ba. Inna ta riga ta rasu, babu mai kiranmu ɗaki ta haɗa mu. Shi dai bai fasa ba: duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo, ya yi sallama a zaure, ya gaisa da matata, ya shafa kan yara, ya tambayi lafiyata. Sau da yawa ina cikin ɗaki ina jin muryarsa, in sa a ce ba na nan. Ya san ina nan, don takalmina yana bakin ƙofa.

Bayan kakar farko na je gona na tarar garken Buba ya yi kwanaki a ciki, ƙasa ta yi baƙi da taki. A al'adarmu manomi ne ke roƙon makiyayi ya kwanar masa da shanu a gona, ni kuwa ban roƙa ba. Na ɗauka neman shiri yake, na yi kamar ban gani ba. Daminar da ta biyo baya gonar da aka rage ta ba ni abin da ba ta taɓa ba ni ba. Da shanun suka sake dawowa a kaka ta biyu, sai na je na sami Buba na tambaye shi dalili. Ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya faɗa min. Ashe shekara da shekaru a gonar Yaya garken yake kwana. Yaya ne ya je har ruga ya ce a mayar da su tawa, tunda gonata ta ragu kuma iyalina sun fi nasa yawa, ya kuma roƙe shi kada ya gaya min. Buba ya ce shi ya gaji da riƙon wannan amana, don yana ganin gonar Malam tana ramewa.

Daga nan gonar Yaya na wuce. Karan masarar da ya girbe siri-siri ne kamar tsinke. Na daɗe a tsaye. Da la'asar na shiga gidansa, na same shi yana gyaran wani bencin makaranta da ya karye. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya ɗaga murya ya ce a kawo mana abinci, sannan ya tambaye ni yadda babbar 'yata ta yi a jarrabawa. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, kuma bai bar ni na tayar ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai ga Tudun Wadar yau. Na tabbata akwai abin da zai faranta masa. Zai ji daɗin ƙarar injinan casar shinkafa, da matan da suka tsaya da ƙafarsu a wannan sana'a, da ayarin 'yan mata masu tafiya sakandare da safe, shi da ya sha zagi a kan karatun 'ya'ya mata. Bai taɓa ƙin girman gari ba. Yakan ce gari ba ya girma sai ya ci gona, abin da ba a so shi ne ya ci hanyar ruwa da hanyar dabba, don su biyun ba sa karanta takardar fili.

Akwai kuma abin da zai ɓata masa rai. Tudun da yake hawa da ɗalibai an yanka shi fuloti-fuloti. Dajin da yake nuna musu da alfahari, yau matafiyi da addu'a a baki yake ratsa shi. Jikokina sun san sunayen 'yan ƙwallon ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba, amma ba su san sunan ƙoramar da ke bayan gidanmu ba. Abin da ya fi damuna, jikokin Buba da nawa ba su san juna ba. A da in shanu suka yi ɓarna, sunan mai su ake kira. Yanzu ƙabilarsa ake kira, kuma daga nan ne wuta take kamawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bana, kafin saukar ruwa, dagacin yanzu, ɗan wancan, ya aiko min. Ana shirin yanka sababbin filaye a yamma da gari, ana son a fitar da burtali kafin a kafa duwatsun iyaka, kuma tsofaffin da suka san shi sun ƙare. Wai ni ne ƙanin Malam. Na je, ina jin nauyin rigar da ba tawa ba. Muka bi hanyar da ƙafa, da ma'aikacin awo, da Manu ɗan Buba, wanda ya gaji garken bayan rasuwar mahaifinsa. Wani wurin na gane, wani wurin gini ya hau, wani wurin kuma na ce ban sani ba, don na ga abin da shaida take iya yi. Yankin da ban yi ko ɗar ba shi ne na gefen gonata.

Da muka gangaro mashaya, ma'aikacin ya tambayi Manu ko wannan yanki yana da suna, don ya rubuta. Manu ya ce, "Lawol Modibbo." Na tambaye shi ma'anarsa. Ya yi mamakin ban sani ba. Ya ce da Fulatanci hanyar Malam ke nan, daga gonata zuwa rafi haka suke kiranta tun yana yaro, kuma har makiyayan da ke zuwa daga nesa da rani, waɗanda ba su taɓa ganin Yaya ba, da wannan sunan suke kwatance.

Yaya bai bar gidan sama ba, babu titi ko makaranta mai sunansa, littattafan da ya cika da zanen gari ma gara ta cinye su a ɗakin ajiya. Na daɗe ina ganin garin nan bai yi masa adalci ba. Ashe an yi masa, a harshen da ba na ji. Ni da muka sha nono ɗaya na yi shekara biyu ina ƙin kiran sunansa, su kuwa kullum safiya da shi suke kora shanu zuwa ruwa. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa bayin Allah hanya, mu kuma ya ba mu 'yan'uwan da za su iya tona mana gaskiya a tsakiyar gonarmu.