Malam Abbo Mai Damin Makullai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 21 ga Zulhajji 1446, wadda ta yi daidai da 17 ga Yuni 2025, Allah Maɗaukakin Sarki Ya karɓi ran Malam Abbo Suleiman, belif a ɗaya daga cikin kotunan garin nan na Jalingo, wato jami'in da ke garƙame shago idan alƙali ya ce a garƙame, ya buɗe shi idan ya ga dama. Ya cika a gidansa da ke Kona bayan zazzaɓin kwana biyu. Labarin ya riske mu, ni da mahaifiyata Dada Fanta, a kan bencin harabar kotu, inda ya ce mu jira shi.

Malamai sun hore mu da ambaton alherin mamatanmu. Na karɓi wannan horo hannu bibbiyu, na yi kwanaki ina bincike mai zurfi, ga kuma abin da ya sawwaƙa.

Ya Malam Abbo, tarihi ba zai manta da himmarka ba. A tsakiyar azumin bana, magadan mai jerin shaguna tara na Mayo Gwoi suka kai juna ƙara kan rabon gado, kotu ta ce a rufe shagunan kafin a warware. Tawadar alƙali ba ta bushe ba ka iso da kwaɗuna tara. Dada tana hayar na huɗu, inda take sayar wa manoman Iware irin shinkafa da na masara. Ta roƙe ka minti goma ta fitar da buhunanta, ka amsa mata da kalaman da suka cancanci a rubuta da ruwan zinariya: "Dada, umarnin kotu bai san minti goma ba." Maƙwabciyarta Madam Abigail, tela, ta fito da almakashi a hannu ta leƙa abin da ke faruwa. Almakashin nan kaɗai ta tsira da shi. Kekunan ɗinkinta da ankon matan zumunta na cocinsu duk suka shiga hannun shari'a.

Ranar 5 ga Mayu alƙali ya ce 'yan haya ba su ci gadon kowa ba, a buɗe musu cikin kwana bakwai. A nan ne fasaharka ta bayyana. Da farko ka ce ba ka fita sai da rakiyar ɗan sanda. Ɗan sanda ya samu, ka ce babu abin hawa. Muka kawo keke mai ƙafa uku har bakin ofis, ka ce jami'in kotu ba ya shiga abin hawan mai ƙorafi, kada a zarge shi da son kai. Ranar da komai ya haɗu, ka ɗaga kai ka dubi sama, ka ce hadari ne, takardar kotu kuwa ba ta son ruwa. Sai hutun Babbar Salla ya kawo maka ɗauki. Mako shida cur, kuma ban taɓa jin ka maimaita uzuri ɗaya sau biyu ba. Irin wannan baiwa ba a koyar da ita a makaranta.

Wajibi ne in wanke ka daga zargi guda: ba ka cin hanci. Zakaran da Madam Abigail ta kai maka gida, kai da kanka ka mayar mata da shi. Da kana ci, da mun huta tun tuni. Abincinka shi ne gaisuwa. Ka zauna a gindin dalbejiyar kotu, damin makullanka a kan cinya, matan da suka yi jika da kai su durƙusa suna cewa "ranka ya daɗe", kai kuwa kana karkaɗa makullan kana cewa, "Munyal, Dada, haƙuri dai." Kullum da safe mahaifiyata takan kafa wa damin nan ido, tana ƙoƙarin gane wanne ne nata.

Rana ɗaya jiri ya ɗebe ta a harabar, ka tashi ka ba ta kujerarka, ka kawo mata ruwa da hannunka. Na rubuta wannan domin ya faru.

Damina kuwa ba ta san umarnin kotu ba. Rufin shagon yana yoyo, mun gaya maka. Manoman Iware sukan zo su tsaya, su karanta takardar da ka manna a ƙofa, su wuce wani shagon, waɗansunsu shekara goma sha biyar ba su taɓa sayen iri a hannun kowa ba sai Dada. A farkon Yuni masara ta gaji da jira, ta tsiro ta ƙarƙashin ƙofa, kore shar. Na zo na shaida maka, ka ce kada kowa ya taɓa ta, tana cikin kayan da kotu ta rufe.

Ranar sadakar uku Dada da Madam Abigail suka shiga wajen mai ɗakinka, Saliha. Abin da ya gudana a ciki, daga bakin Dada na ji shi. Bayan gaisuwa da addu'a ta sassauta murya ta ce, "Ƙanwata, ba lokacinsa ba ne, amma shuka tana wucewa. Ko makullan nan suna gida?"

Saliha ta ɗauko damin ta ajiye a tabarma, ta kasa haɗa ido da su. Ta ce, "Dada, ki gafarce mu, babu na shagonku a ciki. Wannan na akwatin babansa ne, wannan na tsohon kekensa, sauran tsinto su yake yi. Duk kwaɗon da ya rufe, a ranar yake jefa makullin a kogi daga kan gada, wai kada Shaiɗan ya sa shi buɗewa kafin lokaci. In lokaci ya yi, da wannan yake buɗewa." Ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo guduma.

Madam Abigail ta riƙe haɓa ta ce, "Ke Saliha! Makullin keke ne muke durƙusa masa wata uku?"

Saliha ta tura wa Dada gudumar, ta ce ta tafi da ita, ba ta son kwana da haƙƙin mutane a ƙarƙashin gadonta.

Muka kai wa rajistara wannan labari. Ya yi mana bayani cikin natsuwa cewa guduma a hannun belif doka ce, a hannun 'yar haya kuwa raina kotu ce. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya rufe shi ke buɗewa, idan ya faku sai magajin kujerarsa. Magajin fa? Takardar neman naɗa shi ta tafi sama. Yaushe za ta sauko? Allah ne masani.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa fatiha, Dada ta wuce Mayo Gwoi kai tsaye. Ta miƙa mini hukuncin alƙali ta ce in karanta da ƙarfi kowa ya ji. Ina kai aya ta ɗaga gudumarka. Bugu ɗaya, Malam. Kwaɗon da ya tsare mu wata uku ko gardama bai yi ba. Daga hannunta gudumar ta koma hannun Madam Abigail, haka har shago na tara.

Masarar duk ta tafi, rabi ta tsiro rabi ta ruɓe, warinta ya kori masu kallo. Shinkafar da ke kan katako ta sama ta tsira. Kafin la'asar mun ɗora ta a mota zuwa Iware, aka raba wa waɗanda ba su riga sun shuka ba.

Washegari da sassafe sammaci ya iso, ana tuhumar Dada da raina kotu. Kotun da ba ta da mai buɗe ƙofa ta samu mai kawo takarda cikin yini guda. Ranar Alhamis za ta gurfana. Ta wanke mayafinta, ta ce ko me alƙali zai yanke, shinkafa dai ta riga ta shiga ƙasa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Saliha, wadda ta faɗi gaskiya tana cikin takaba, da 'ya'yanka da ba su rufe shagon kowa ba, da dangi na Kona baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya tsaya muku. Allah Ya jiƙan Malam Abbo, Ya gafarta masa abin da ke tsakaninsa da Shi, Ya sassauta masa tambaya, Ya kyautata namu ƙarshen.

Abin da ke tsakaninka da mutane kuwa, Dada ta ce in rubuta cewa ta yafe maka duniya da lahira. Na rubuta, domin umarnin uwa ne. Ta ce in ƙara da nawa. Na ce mata sai na ga ta fito daga kotu ta dawo gida da ƙafafunta.

Suhail Goni,
Mayo Gwoi, Jalingo.