Akwatin da Nomau Ya Yi wa Ɗansa

Nomau mutumin Gafati ne, ɗan manoman gero. Wata shekarar fari ta koro shi Damagaram yana saurayi, ya faɗa hannun wani Bature ɗan mishan da ya koya masa aikin katako, a nan kuma ya karɓi addinin Kirista. Danginsa ba su kore shi ba, sun dai daina aiko masa in ana suna ko biki. Ya kafa rumfa a bakin unguwar Zango yana yin ƙyamare da tebura, ya auri Lami, wadda ta bi shi majami'a don tana son sa, ba don wa'azi ya ratsa ta ba. Duk haihuwar da ta yi, ɗa ɗaya ne ya tsaya, Zakari.

Zakari bai so zarto ba, mota ya so. Shi da abokinsa Mutari, ɗan wata tsohuwa Falmata mai sayar da gishirin manda a unguwar Birni, tare suka yi karen mota har suka iya tuƙi. A kakar gyaɗar 1957 kowannensu yana riƙe da babbar motar wani ɗan kasuwa.

Akwai wasan da direbobi suka ɗauko a lokacin. In za su fita ɗaukar kaya motoci ba komai, sai biyu su jera kafaɗa da kafaɗa a miƙaƙƙen wurin nan na hanyar Magarya, a ga wanda zai riga isa wata kuka. Mutane kan taru su yi kallo. Ranar wata Alhamis da hantsi Mutari ya ce wa Zakari su gwada. Sun kusa kukar sai Mutari ya matso ya tsuke hanya, ƙafar motar Zakari ta faɗa rairayi, motar ta wuntsula ta bugi dutse. Kafin a zaro shi rai ya fita.

Nomau yana goge katako aka zo aka gaya masa. Ya ajiye abin gugar, ya je gidan likita ya ga gawar, ya dawo rumfa. Kirista a akwati ake binne su, kuma duk garin shi ne mai yi musu. Wani malamin ofis ɗan Dahome da suke ibada tare ya ce zai nemo wani kafinta. Nomau ya ce a'a, ya san tsawon ɗansa. Maƙwabtansa Musulmi suka zauna a bakin rumfar, suna jin ƙarar guduma, har ya gama.

Bayan an binne Zakari, wan Nomau ya zo gaisuwa daga Gafati. Da zai tafi ya ce, “Nomau, ka ga abin da barin hanyar iyaye ta jawo maka. Ka dawo gida tun da sauran lokaci.”

“Yaya, ƴaƴan Musulmi ba sa mutuwa ne?”

Wan ya kama hanya. Amma maganarsa ta zauna a zuciyar Lami. Ta daina zuwa majami'a, ta daina cin abinci sai an matsa mata. Damina na faɗuwa ta ɗaure kayanta.

“Maigida, ban ce ka yi mini laifi ba,” in ji ta. “Amma ɗana yana kwance inda ko uwata ba za ta je ta yi masa addu'a ba. Zan koma wurin mutanenmu.”

Ya raka ta har bakin gari. Ba ta sake dawowa ba.

Shi kuwa ya ci gaba da zuwa majami'a ranar Lahadi, amma akwai addu'ar da ake yi baki ɗaya, wadda a cikinta mutum yake cewa ya yafe wa waɗanda suka cuce shi. In an zo wurin sai bakinsa ya ƙi buɗewa. Ya gaya wa fasto ba zai yi wa Yesu ƙarya a ɗakinsa ba.

Jandarma sun kama Mutari tun ranar haɗarin, aka yanke masa ɗauri. Falmata ce ke kai masa abinci gidan kaso, har ƙafafunta suka kumbura ta kasa fita. Nomau ya ji labari a kasuwa. Washegari ya je ƙofarta ya yi sallama, ya ce ta miƙo ƙwaryar abincin. Tsohuwar ta gane shi, ta ba shi. Haka ya riƙa kaiwa, ya miƙa wa gardi mai tsaro a bakin ƙofa ya juya, bai taɓa neman ganin mai ci ba.

Da aka samu mulkin kai a 1960, Mutari yana cikin waɗanda aka saki. Ana kiɗa a gari ya zo rumfar, ya rame, ya durƙusa cikin ɓawon katako.

“Baba, ni na ce masa mu gwada. Ni kuma na tsuke shi.”

“Na sani.”

“Ka yafe mini?”

Nomau ya ce, “Kullum ina roƙon Ubangiji ya ba ni ikon yin haka. Bai ba ni ba tukuna. Tashi ka je wurin uwarka, tana jiranka.”

Mutari ya yi jinyar Falmata har ta rasu, sannan ya nufi gabas, an ce wajen Gure ya zauna yana facin taya. Nomau ya tsufa shi kaɗai a Zango. Idanunsa suka yi rauni, rumfar ta koma hannun wani. Yana zuwa majami'a da sanda, ya zauna a benci na baya. Wata Lahadi ba a gan shi ba, fasto ya je ya tarar ya kwana biyu da zazzaɓi, maƙwabciyarsa Zainaba ce ke kai masa kunu. A makon ya cika. Masu ibadar suka ɗauke shi, mutanen unguwa suka bi su har bakin maƙabartar, suka tsaya daga waje har aka gama.