Kasmuri da Filin Bayan Masallaci

Duk wanda ya tashi a Pandanwesi, ƙauyen nan na gaɓar arewacin tsibirin Jawa, ya san Kasmuri da lauje a hannu. Sana'arsa kiwon kifi ce kamar ta kowa, amma ba da ita aka san shi ba. An san shi da filin bayan masallaci. Shi ke yanke ciyawar, ya ja layi da farar ƙasa, ya kafa turakun gora, da la'asar kuma ya sa usur a baki ya yi alƙalancin wasa. Ba wanda ya ɗora masa. Yana saurayi ya karye a gwiwa, ƙwallo ta fi ƙarfinsa, sai ya koma yi mata hidima.

A filin ake sallar Idi, a nan ake kafa rumfar biki. Ranar bikin 'yancin kai a nan samari ke hawan sandar da aka shafe da mai, suna sulluɓowa mata na shewa. Matarsa Munjiyah takan zauna a gefe tana soya tempe, wainar waken soya, tana tsokanar Pak, wato maigida.

"Pak, ciyawar nan ta fi gemunka samun aski."

"Ai ta fi shi 'yan kallo," in ji shi.

Ruwan teku bai zo da hayaniya ba. Gonakin shinkafa ya fara ci, aka mai da su tafkunan kifi. Ya cinye gaɓar tafkunan, suka haɗe da teku. Ya shigo lungu, ya shigo tsakar gida. Mutane suka yi ta ɗaga daɓen ɗakunansu har sai an sunkuya ake shiga ƙofa. Filin ma ya zama duk cikowar ruwa sai ya nutse. In ya janye, Kasmuri ya bi da tsintsiyar kwakwa yana share laka da ƙananan ƙaguwa, ciyawa kuwa gishiri ya ƙone ta.

Ya yi ta zirga-zirga ofishin gunduma kan tsohon babur ɗinsa, har Allah ya sa aka turo wata ma'aikaciya, Bu Wardani, da babbar taswira. Aka taru a barandar masallaci. Ta nuna inda za a yi filin ƙwallo, da lilon yara, da kujerun hutawa, da gadar katako ta masu shan iska. Mace ce mai kirki, kowa ya yi magana sai ta saurara.

Masrokan, masunci kuma abokin Kasmuri tun ƙuruciya, ya ɗaga hannu. "Bu, lilon nan da kwalekwalensa zai zo, ko mu za mu ara masa?"

Aka fashe da dariya. Mata suka ce su wurin shanya kifi suke so. Wata tsohuwa, Mbah Tumirah, ta ce ita ba ruwanta da lilo, kabarin mijinta sai ta nemi mai kwalekwale take iya ziyartarsa, in ana da ƙasar cikawa a fara da maƙabarta.

"Mbah, matattu sun huta," in ji Kasmuri. "Yaran nan fa? Daga ɗaki sai ruwa. A ina za su yi gudu?"

Shi ya yi rinjaye. Motocin tifa suka juye jar ƙasa a bakin titi, don ba su iya shiga ƙauyen, aka yi ta jidarta a buhu da baro, maza da mata. Kasmuri da gurguwar gwiwarsa ya fi kowa sawu. Lilo da gada aka ce sai baɗi. Amma filin ya tashi, ya zama babu tudu kamarsa a duk Pandanwesi. Shekara biyu aka yi ana wasa, har ƙauyukan maƙwabta na zuwa cikin jirgin ruwa. Sai dai gidaje na ta zama kufai. Wannan ya koma wajen 'yarsa a birni, wancan ya kwance rufinsa ya tafi da shi. Aka dawo ana buga mutum biyar-biyar.

Ana cikin lokacin babbar cikowa Mbah Tumirah ta rasu. Maƙabarta ruwa ya kai ƙugu. Aka aika ƙauyen da ke can tudu, suka ce su ma tasu ta cika. Ga gawa an yi mata wanka, ga rana na yi. Dagaci ya dubi Kasmuri, kowa ma shi yake kallo, don tudun filin kaɗai ya rage a bushe.

"Ba da ni ba," in ji Kasmuri. "Da wuyanmu muka ɗauko ƙasar nan."

Masrokan, da ke kiransa Kang, wato yaya, ya dafa shi. "Kang, ita ma ta ɗauka. Kwano-kwano ta riƙa kawowa, kai ka ce mata ta zauna ta ƙi."

Kasmuri ya juya ya dubi filin. Daga baya ya ce to, kusurwa ɗaya kawai, ta bayan raga. Shi ya ɗauko shebur ya haƙa da kansa, don kada wani ya ci masa layi.

Kusurwa ba ta tsaya kusurwa ba. Aka kawo wani jariri, aka kawo ladanin ƙauyen. Yara suka daina zuwa, iyaye sun hana, an ce ba a buga ƙwallo kan mutane. Da ciwon ƙirji ya ɗauke Munjiyah, Kasmuri da hannunsa ya tuge turakun raga ɗaya ya yi mata wuri. Tun daga nan duk wanda ya rasu shi ake kira ya haƙa kabarin.

Bu Wardani ta dawo da labarin an amince da lilo. Ta tsaya ta ga allunan kaburbura a jere, ta cire takalmanta ta yi addu'a. Sannan ta gaya masa, murya ƙasa-ƙasa, cewa aikin da sunan filin wasa ya fito, tunda wurin ya zama maƙabarta ba za a iya ci gaba ba. Ta ba shi haƙuri har sau biyu. Ya ce babu komai, ya raka ta bakin titi.

Yanzu tudun ma yana lotsawa. In ya haƙa, kafin ya kai gwiwa ruwa ya tsattsafo, sai an kwashe da bokiti an shimfiɗa gora kafin a sa mutum. 'Yarsa Rukanah, mai aiki a masaƙa a birni, kullum tana waya ya dawo wajenta. Yakan ce sai bayan damina.

Ranar da Masrokan ya loda kayansa a kwalekwale zai bar ƙauyen, ya biyo ta filin ya tarar da Kasmuri yana toshe wata zaizaya da buhunan yashi.

"Kang, taho mu tafi. In kai ka faɗi, wa zai haƙa naka?"

"Ko ma waye, ba zai sha wuya ba. Ƙasar ta yi laushi."

Masrokan ya miƙa masa taba mai kanumfari, suka sha tare a tsaye. Ruwa ya fara cikowa, sai ya yi sallama ya tura kwalekwalensa. Kasmuri ya jawo wani buhun.