Ɗakin da Kaka ta ƙi shiga

Kaka ta tsaya a ƙofar ɗakin da aka sa wa esi, na'urar sanyaya ɗaki, ta ƙi shiga.

A Kafanchan ne, shekarun 1990. Zafin bazara ya sumar da ita a Kagoma, Baba ya ɗauko ta, ya sayo esi dominta.

"Mama, likita ya ce zafi zai illata ki," in ji Baba.

Ta ce, "Ɗana, irin sanyin nan na ji a mutuware, ɗakin ajiye gawa, ranar da na je ganin gawar babanka. Kar ka rufe ni ciki ni kaɗai."

Baba ya kwaso kujeru. Duk gidan muka koma ɗakin, har cin tuwo. Sannan ta shiga.

Mukan nema wa tsofaffinmu lafiya, mu manta mu tambaye su abin da suke tsoro. Ku kun taɓa tambayar naku?