Sulhun da Ya Cinye Shanun Baba

A shekarun da nake sayar da fura ranar Juma'a a bakin masallacinmu na unguwar Highbridge, a nan ƙasar Turawa, wurin mutum ɗaya nake sayen madara. Wani dattijon Bature ne mai shanu a ƙauyukan arewacin jihar, yana zuwa kasuwar manoma duk Asabar a wata tsohuwar a-kori-kura. Madararsa kaɗai ke kwana ta zama kindirmo irin na gida. Baba nake ce masa. Da na fassara masa kalmar, ya ce ya karɓa.

Shi ya ba ni labarin shari'ar da su makiyaya suke yi, kaɗan-kaɗan, yana jera mini kwalabe a jaka. Ƙungiyar da makiyayan suka kafa don ta riƙa sayar musu da madara, ita ce ta haɗa baki da manyan kamfanoni aka danne farashi. Wanda ya yi gardama, motar ɗaukar madara ta daina tsayawa a ƙofarsa. Shanu kuwa ba ruwansu da rigimar, safe da yamma sai an tatse su. Makiyayan suka kai ƙara, aka yi ta jan zance har matar Baba ta rasu ba a gama ba.

Wata Asabar na iso rumfar Baba na tarar da wani mutum cikin kwat, yana ta ƙamshin turare, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ashe lauyan makiyayan ne. Sai washe haƙora yake kamar an yi masa haihuwa.

"Mun yi nasara," in ji shi. "An yi sulhu, za su biya."

Baba ya goge hannu a wandonsa. "Sun amsa laifinsu?"

"A'a, ba a yin haka. An rubuta cewa ba su amsa komai ba."

"Shugabannin ƙungiyar fa?"

"Suna nan kan kujerunsu. Amma ka dubi abin da aka samu mana!"

Ni dai ban taɓa jin ɓarawon da ya mayar da ƙafar akuya ya riƙe sauran, aka kuma yi masa godiya ba, sai a ƙasar nan.

Lauyan ya hango ni da hijabina, idonsa ya yi haske. Ya ce in matso kusa da Baba in riƙe kwalba, wai hoton zai fi kyau da ni a ciki. Na ce masa madara na zo saye, ban zo talla ba. Baba ya zuba masa madara kofi guda. Lauyan ya riƙe shi nesa da kwat ɗinsa kamar fitsarin jariri, ya yi murmushi aka ɗauka, ya ajiye. Wai shi ba ya shan madarar saniya, sai wadda ake yi da hatsi. Na yi tsaki, kuma na tabbatar ya ji.

Bayan lauyoyi sun cire nasu, abin da ya iso hannun Baba ya gyara masa rufin ɗakin shanu gefe ɗaya. Farashi bai motsa ba. Hoton kuwa na gan shi manne a cikin bas, an rubuta a ƙasa cewa lauyan ne garkuwar ƙananan manoma. An yanke rabin fuskar Baba don lambar wayar lauyan ta samu wuri.

Da sanyi ya fara shigowa, Baba ya ce wannan Asabar ita ce ta ƙarshe, ya sayar da shanun.

"Baba, wa ya saya?"

"Ɗaya daga cikin shugabannin. Shi kaɗai ya taya." Ya miƙo mini kwalabena. "Ya ce zai kula da su."

"Allah ya isa," na ce da Hausa. Bai nemi fassara ba.

Ya ce ya samu aikin tuƙa motar 'yan makaranta a garinsu. Na taya shi naɗe rumfar, muka loda akwatunan, sannan na kama hanyar tashar jirgin ƙasa da kwalabena.