Sharar da Na Ƙi Ƙonawa

Littafin nan da nake rubutu a ciki ya fi shekara a ƙarƙashin katifata. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, kuma ina tsoron in ci naman wani, ko in ƙara kalma ɗaya a kan abin da aka faɗa, in je in tarar da ita gobe ƙiyama. Shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba, har makarantar. Amma buhuna sun kai huɗu a ɗakina, ba ni da inda zan rataye na biyar, don haka dole in yi magana.

A Gwandu aka haife ni, kakata ce ta raine ni. A gidanmu ba a zubar da ruwan wankin allo a kwata, sai a gindin katanga inda ƙafa ba ta takawa. Takarda kuwa, in dai da rubutun Arabiyya a jikinta, ba ta kwana a ƙasa. In muka gan ta a hanya sai mu ɗauka, mu kakkaɓe, mu naɗe, mu nemi tsagar katanga ko tsakanin karan danga mu soke ta. Ba mai ciro ta, kowa ya san dalilin zamanta a wurin. Na taɓa taka wata a hanyar kasuwa ba da sani ba, ina 'yar shekara bakwai ko takwas, na yini ban ci abinci ba. Kakata ta ce, "Ke wagga ɗiya, tsoronki ya yi yawa. Allah zuciya yake dubi." Ta faɗi haka, amma sai da ta sa na koma na ɗauko takardar.

Aure ya kawo ni Kalgo. Bayan rasuwar maigidana na samu aikin shara a wata makarantar firamare, da shi nake riƙe kaina da jikoki biyu. Shekara tara ina yi. Yawancin yaran daga nan suke wucewa Islamiyya da yamma, littattafan boko da na addini duk a jaka ɗaya, kuma littafin yaro ba ya rabo da yagewa. Kullum sai na tsinci shafi ɗaya ko biyu. Wani lokaci takardar da aka naɗe ƙosai ce, in buɗe in ga aya, mai ya jiƙe ta. Katangar bayan makarantar tsohuwa ce, duk ta tsattsage. A nan nake soke su. Cikin shekara tara na kusa cika ta, tun daga bayan aji ɗaya har zuwa gindin darbejiya.

Sai aka kawo wata sabuwar malama, sa'ar 'yata ta biyu, ta kafa ƙungiyar tsaftar muhalli. Kowace Alhamis bayan an tashi hutun ƙarfe tara, yara su fito da buhuna, su bi filin makaranta da bakin titi suna tsintar shara. Ni ban ƙi wannan abu ba, ina so a san haka. Ranar da ta gayyato wani mahauci ya nuna wa yara dunƙulen leda da ya ciro daga tumbin rago, ina tsaye a bakin taga da tsintsiya a hannu. Akuyata ta mutu a daminar da ta wuce, cikinta a kumbure, tana ci tana ramewa, ban taɓa sanin abin da ya kashe ta ba sai ranar. Daga nan na riƙa laɓewa ina sauraron darasin. Na ji ta ce kada a ƙona leda, hayaƙinta yana cin ƙirji. Kada a jefa ta a kwata, don tana toshe hanyar ruwa, in ta kai gulbi kuma kifi ne zai haɗiye. Ko an binne ta ba ta ruɓewa, jikokin jikokinmu za su tono ta yadda take. Na riƙe maganar nan kamar karatu. Leda da robobi ana ɗaure su a buhu, wani mai kura ya zo ya kwashe. Takardu da ganyaye kuwa a rami ake tarawa, ni ce mai sa wuta.

Wani mako aka ce baƙi za su zo daga ofis ranar Alhamis su ga aikin ƙungiyar, kuma ajin da ya fi cika buhuna za a ba shi sabuwar ƙwallo. Yaro da ƙwallo sai Allah. Kafin ƙarfe goma filin ya yi fes, ko tsinke babu, amma buhunan wasu azuzuwa ba su cika ba. Ni ina can ina wanke ofishin malamai. Da na fito na nufi ramin da ashana a hannu, sai na ga tulin ya ninka na kullum. Na ɗaga ido na dubi katanga. Tsagogin nan duk babu komai a cikinsu. Yara sun bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke da yatsa, sun zaƙulo takardun shekara tara sun cika buhu, aka ƙirga musu, aka juye a rami.

Na durƙusa. Abin da na fara gani shafin Fatiha ne, irin na littafin 'yan aji ɗaya mai manyan baƙaƙe. Kashin awaki a kansa, gefensa kuma ƙunzugun jariri da wani ya tsinto a bakin titi. Na mayar da ashanar cikin lalitata, na kifa bokiti, na zauna.

Hedimasta ya zo da sauri, yana duba agogo. Mutum ne mai son aiki, kuma bai taɓa yi mini tsawa ba kafin ranar.

Ya ce, "Inna, mi kike jira? Baƙi sun taso. Sa wuta ta cinye kafin su iso."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da sunan Allah a ciki."

Ya leƙa, ya gani. Sannan ya ce, "To ai ƙonawa ita ce daraja ta. Ko malamai haka suka ce a yi da tsohuwar takarda."

"A ƙona ta ita kaɗai, a wuri mai tsarki. Ba tare da kashi ba."

"Inna, ni ma na yi karatun allo. Yara ba su yi da niyya ba, ke ma ba da niyyar wulaƙanci za ki ƙyasta ba. Kawo ashanar in ba ki iyawa."

"Ba ni badawa."

Malamai biyu da ke tsaye suka yi dariya. Ɗaya ya ce, "Yau Inna ta zama babbar malama, sai mu kawo littattafanmu mu ɗauki karatu." Na ce masa, "Kawo, in fara maka daga inda ba a taka takarda." Ban san inda na samo wannan bakin ba. Ni da ko gaisuwa in na yi sai in yini ina tunanin ko na yi ta daidai.

Hedimasta ya ce, "Ki sa wuta, ko ki ajiye tsintsiya ki tafi gida."

Na tuna jikokina, na tuna buhun gero da ya kusa ƙarewa. Na kuma dubi shafin nan. Sai na cire mayafina na shimfiɗa a ƙasa, na shiga ramin na fara tsincewa da hannu. Mai Arabiyya in goge in ɗora a kan mayafi, sauran in jefa gefe.

Malamar ƙungiyar ta iso, fuskarta duk ta canza. Ta ce, "Inna, wallahi ban san ke kika sa su ba. Na ɗauka yara ne ke cusa shara a katanga don ƙyuya. Ni na ce su ciro." Na ce mata ban riƙe ta da komai ba. Wata yarinya 'yar aji biyar, mai bakin tsiya, ta tsaya a bakin ramin ta ce, "Inna, waccan da kika jefar ma hadisi ne, na Islamiyyarmu ne. Ke ba ki gani da kyau." Ta tattare siket ta shigo. Kafin in ce wani abu yara sun cika ramin, suna ɗaga takardu suna karantawa da ƙarfi, wannan ya ce Tabbat yada ce, wancan ya ce ƙarya kake, lissafi ne. Sun fi ni sauri nesa ba kusa ba.

A haka baƙi suka same mu. Shara a baje, yara cikin rami dumu-dumu, mai shara ba mayafi. Ban san abin da suka ce wa hedimasta ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na dai san bayan sun tafi ya aiko a karɓi mabuɗin ɗakin tsintsiya daga hannuna.

Washegari na ɗaure takardun cikin buhu biyu, na shiga mota zuwa Gwandu wurin yayana, wanda ke koyar da yara a zauren gidanmu. Ya sa aka share wani wuri a bayan gida, muka ƙona su su kaɗai, muka haƙa rami mai zurfi muka binne tokar. Raina ya ɗan kwanta. Amma a gindin buhu akwai waɗanda na ware, don ba takarda ba ne. Kalanda mai santsi da aka lulluɓe da roba, ɗauke da Ayatul Kursiyyu. Irin abin da 'yan acaɓa ke mannawa a babur mai addu'ar tafiya. Yankin wata tutar roba ta walimar saukar karatu, da Bismillah a samanta. Da ledojin dabino masu rubutun Arabiyya.

Yaya ya ce, "Zuba su cikin wutar mana."

Na ce, "Leda ce. Hayaƙinta yana cin ƙirji, ga almajirai nan zaune suna shaƙa."

"To ki kai gulbi, ruwa mai gudu yana da tsarki."

"Kifi zai haɗiye."

"Binne."

"Ba ta ruɓewa, Yaya. Gobe wani ya zo haƙa masai ya tono ta."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Ke tun kina ƙarama haka kike. Da malamin zaure guda kike tsoro, yanzu kin ƙara da malamar boko, kin rasa inda za ki sa kanki." Ya ɗauki ledar dabino ya karanta, ya ce wannan ba komai a jikinta sai sunan kamfani da ranar lalacewa. Na yarda na ba shi ita. Sauran kuwa ya ce zai bincika. Har yau yana bincike. Na dawo da su Kalgo.

Bayan mako biyu hedimasta ya aiko malamar ƙungiyar gidana. Ya ce in na zo na ba da haƙuri a gaban malamai, in koma bakin aikina. Ta zauna a kan tabarmata tana roƙona. Ta ce, "Inna, kalma ɗaya ce. Ki faɗa don jikokinki." Na kwana uku ina juya maganar. Na yarda cewa na ɗaga murya ga shugabana, kuma na je har gidansa na nemi gafarar wannan, a gaban iyalinsa. Ya ce ba wannan yake nufi ba, so yake in ce na yi kuskure da na ƙi sa wuta. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗi haka na yi ƙarya, kuma in Alhamis ta dawo aka sake tara irin wannan, zan sake ƙi." Aka ba wata mata tsintsiyar. Muna gaisawa da ita, muna gaisawa da shi.

Yanzu ƙosai nake toyawa a ƙofar makarantar. Ba na naɗewa a takarda, ba na sawa a leda. Wanda ke so ya zo da kwanonsa, wanda bai zo da shi ba in ara masa ya ci a gabana. Ciniki bai kai na maƙwabciyata ba, yara suna cewa Inna ta cika sharaɗi. Su faɗa. Malamar nan kuma ta ƙara wani buhu na daban a ranar Alhamis, fari, ba ya taɓa ƙasa. Duk abin da ke da Arabiyya a nan ake sawa, in an tashi yara su kawo mini. Na ji an ce hedimasta ya gani bai hana ba. Takardun ina kai su Gwandu duk ƙarshen wata. Na robar ne ke taruwa. Na rataye su a jikin azara don kada su taɓa ƙasa, kuma duk daminar da ta zo ina kallon rufin da tsoron yoyo. Mai kura ya ce in ba shi, can narkar da su ake yi a yi wasu kaya. Na tambaye shi wane irin kaya. Ya ce bokiti, buta, takalma. Da na ji takalma na ce ya tafi abinsa.

Wasu sun ce waswasi ne ke damuna. Mai yiwuwa ne. Amma ban ga wanda ya zo ya ce in kawo ya ɗauki nauyin a wuyansa ba.

Don haka ga roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, malami ne ko ma'aikacin tsafta ko wata mai shara irina. In akwai wanda ya san yadda ake goge rubutu daga jikin roba har ya fita tas, ko ya san inda ake karɓar irin waɗannan a yi da su abin da ba za a taka ba, ko kuma a garinsu an samo wata hanya da ba wuta, ba gulbi, ba rami, ya taimaka ya sanar da ni. A Kalgo in an tambayi mai ƙosan da ba ta sawa a leda, yara za su nuna.