Jan goro a cikin ganye

Yayana ya kai shekara arba'in kafin ya gano cewa sama ce ta dace da shi. Wai zai koyi tuƙin jirgi mai saukar ungulu, don kansa kawai, ba don aiki ba. Mutumin da ko babur bai iya tsayarwa daidai a danja ba. Da na ji, sai da na ajiye ludayi na yi dariya.

Shi kuwa da gaske yake. Ya sa rabonsa na gonar kashu da Baba ya bar mana a Sérou a kasuwa. Gonar nan ita ce abincin iyalinsa, wannan ne ya hana ni ci gaba da dariyar.

Makarantu biyu ya samo, duka a ƙasar waje. Ta farko ta ce ya fara kawo takardar likita, har da gwajin ido. Yaya ya kumbura. "Ni za a duba kamar ragon layya? Jikan fataken goro a Djougou?" Kawunnanmu suka goya masa baya, wai a gidanmu maganar mutum ta isa shaida. Ta biyun kuma wani wakili gare ta a Parakou, kusa da Gare, wato tashar jirgin ƙasa, mai ɗan biro, ofis ke nan, tsakanin masu facin taya. Ya ba Yaya kujera da lemo mai sanyi, ya kira shi "kwamanda", bai tambaye shi ko hawan jini ba. Nan take ta zama makarantar da ta san darajar mutane. Har tela ya ɗinka wa Yaya farar riga mai igiyoyi a kafaɗa.

Na tsani rigar nan. Na ce, "Yaya, ka je ka ga likita, in ka ci gwajin ni zan raka ka sa hannu a cinikin gonar." Don ya kunyata ni ya yarda. Inna ma ta biyo mu Parakou, wai a yi a gabanta.

Likitan ya buɗe wani littafi mai ɗige-ɗige ja da kore, ya ce ya karanta lambar da ke ciki. Daga inda nake tsaye a bakin ƙofa ina ganinta ɓaro-ɓaro. Yaya ya matso, ya ja da baya, ya goge ido. Ya ce babu wata lamba. Shafi bayan shafi, haka. Likitan ya ce Yaya ba ya bambanta ja da kore, kuma haka aka haife shi, don haka ba zai iya tuƙin jirgi ba.

Na buɗe baki zan yi masa tsiyar da na tanada tun daga gida, sai na ji Inna ta ce a hankali, "Ashe shi ya sa."

Muna yara, in an kwance huhun goro, aikinmu ne tsince goro daga cikin ɗanyen ganye. Kullum Yaya sai ya bar jajaye a ciki. Baba ya yi ta zane shi, yana ce masa malalaci. Ni ce nake bin bayansa ina tsinto su, in kai wa Baba da gudu.

Gonar tana nan. A motar komawa Djougou ya riƙe rigar a naɗe a cinya, ya ce, "Ai na sha gaya muku ban gan su ba."